Ni Na Ce Baffanka Ba Shi Da Hankali

Ƙofar Kwaya, Katsina.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, a mota ka buɗe ta ko bayan ka sauka. Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya kai ka Ibadan lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin hidimar ƙasar da za ka yi. Ummanka ta riga ta yi maka nata faɗan, na abinci da ruwan sha da zaɓen abokai, ba sai na maimaita ba. Ni magana ɗaya ce gare ni, sai dai tana da tsawo.

Na zaɓi in rubuta ne saboda na san halinka. In na zaunar da kai za ka sunkuyar da kai kana "to Baba, to Baba", hannunka yana cikin aljihu a kan waya, in tashi ina ganin na yi magana alhali iska na yi wa. Ni ma kuma akwai abin da bakina ba zai iya faɗa ba ina kallon idonka.

Ga maganar. Baffanka Mannir, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, yana garin da za ka, yana koyarwa a wata makarantar kuɗi. Kakarka Inna jikinta ya yi nisa, ka gani da idonka, kuma abin da take so yanzu shi ne ta gan shi kafin ta bar duniya. Ni ba ya ɗaukar wayata. Kai nake so ka je masa. Amma ba zan tura ka wurin mutum da labarin ƙarya a kanka ba. Abin da ka taso kana ji a unguwa shi ne Baffa Mannir ya samu taɓin hankali, karatu ya yi masa yawa, ya shiga duniya. Lafiyarsa lau. Bai taɓa samun taɓin hankali ba. Ni na faɗi haka a bainar jama'a, kana makarantar kwana a lokacin, kuma yadda aka yi har na faɗa shi ne nake so ka sani.

Mannir tun yana ƙarami mai tambaya ne. A Islamiyya ya sha bulala a kan "to me ya sa", a gida Inna ta sha korar sa daga madafa don ya hana ta aiki da surutu. Da ya girma ya zama malamin kimiyya a sakandare, ya yi aure, yana zaune da matarsa a sashen baya na gidanmu na gado. Sai na lura ya rage fitowa masallaci. Da farko na ɗauka a makaranta yake yi. Da abin ya kai har Asuba da Magariba ba na ganin sa a sahu, wata Asabar da hantsi na tsare shi a zaure na tambaye shi.

Ya yi magana a hankali, sai da na matso kafin na ji.

"Yaya, ba ni son in yi maka ƙarya. Na daɗe ina tsayawa a sahu, zuciyata babu komi. Na karanta, na tambaya, na roƙa, ban samu ba. Yanzu dai ban yarda da komi ba. Ban gaya ma kowa ba sai kai."

Na miƙe tsaye na buɗe murya. Ban tuna duk abin da na ce ba, amma na tuna na maimaita maganarsa da ƙarfi har sau da yawa, ina tambayar sa ko ya san abin da yake faɗa. Shagon Malam Sada tela bango ɗaya ne da zaurenmu. Ina cikin faɗan na ji keken ɗinkinsa ya tsaya. Kafin Azahar duk unguwa ta sani, kuma ba daga bakin Mannir ba.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Tsoro ne ya kama ni, tsoron wuta a kansa da tsoron abin da mutane za su ce da gidanmu, sai ya fito a matsayin fushi. Idan wata rana wani ya jawo ka gefe ya gaya maka irin wannan magana da ƙaramar murya, abokinka ne ko ɗanka, ka amsa masa da ƙaramar murya. Ba na ce ka yarda da shi ba. Cewa na yi ka zauna, ka bar shi ya gama, in ka rasa abin faɗa ka ce masa za ku sake magana gobe. Da na yi haka, da maganar ta tsaya tsakanina da shi da wani malami mai haƙuri da za mu nema a asirce.

Yanzu ka lura da wannan sosai, don a nan mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Unguwa ta sani, amma ba abin da ya faru. An shekara, an sake shekara. Wasu sun daina miƙa masa hannu. Wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta shiga sashensa. Surukansa sun yi ta aiko da manya. Amma ba wanda ya ɗaga masa ko da tsinke. A wurin ciyayya, inda mazan layinmu ke fito da kwanukan tuwonsu bayan Magariba a dakalin Liman a ci tare, yana zuwa, ana ci da shi. In an kira Isha ya tashi ya shige gida, kowa ya kau da kai kamar bai gani ba. Liman Malam Tukur yakan kira shi soro su yi ta muhawara a kan shayi, ya fito yana girgiza kai yana cewa, "Wanga yaro sai addu'a." Mannir kuwa shi ke koya wa 'ya'yan unguwa lissafi kyauta in jarrabawa ta matso, in an yi rasuwa da shi ake ɗaukar makara, ranar yashe kwata shi ne farkon shiga. Ba a so abin da yake kai ba, ana baƙin ciki da shi, amma ana zaune.

Abin da ya sauya lamarin shi ne ni na shiga neman kansila. Kansila fa, Abba, ba gwamna ba. Wani Alhaji ɗan kwangila, wanda ya zama uban gidana a siyasa, shi ya ce unguwa tana so na, ni kuma na yarda da wuri don ina son a ce haka. Abokin karawata a zaɓen fid da gwani wani mai sayar da siminti ne daga wajen Ƙofar Marusa. Mutanensa suka bincike ni ba su samu sata ba, ba su samu neman mata ba. Sai suka tuna ina da ƙane.

Wani saurayi da Mannir ya taɓa koyarwa ya same shi a teburin mai shayi da safe, ya yi ta jera masa tambayoyi cikin ladabi kamar mai neman sani, waya tana aljihun gaban rigarsa tana ɗauka. Mannir malami ne, in aka tambaye shi ba ya iya shiru. Suka yanke farkon maganar, suka yanke ƙarshenta, suka bar tsakiya. Cikin 'yan kwanaki muryarsa tana kowace waya, an haɗa da hotona na takara, an rubuta wai ga gidan da yake neman ƙuri'ar Musulmi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka zo. Samari ne a kan babura, mafi yawansu ban taɓa ganin fuskarsu a layinmu ba, wasunsu ko tsayuwa sosai ba sa iyawa saboda abin da suka sha. Suna kabbara suna dukan ƙyauren gida, suna cewa a fito da shi. Na duba cikinsu ban ga ko mutum ɗaya daga sahunmu na Asuba ba. Mutanen unguwa suna tsaye a ƙofofinsu, fuskokinsu a tsorace. A tsakar gida Inna ta riƙe rigar Mannir da hannu biyu, ko kuka ba ta yi.

Sai uban gidan nawa ya kira ni a waya.

"Ka hita ka ce masu yaron nan ba shi da lahiya. Ka ce karatu ya taɓa mashi kai, kuna neman magani. Mahaukaci ba a kama shi da laihi, ko yaro ya san haka. Ka tsira da ƙanenka, ka tsira da takararka."

Na fita, na hau dakalin ƙofar gida, na faɗa. Na ce ƙanena ya daɗe ba shi da lafiya, mun ɓoye ne don kunya, abin da suka ji a waya ba shi ke magana ba, ciwo ne. Wani ya ce in rantse, na rantse da Allah. Liman ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ce, "To kun ji. Ku watse, ku yi mashi addu'a." Kuma suka watse. Wasu har suna cewa Allah Ya ba shi lafiya. Na koma cikin gida ina jin na yi dabarar da ba wanda ya taɓa yi.

Abin da ban lissafa ba shi ne ƙarya irin wannan sai an ci gaba da raya ta. Tunda na ce muna neman magani, dole a ga muna nema. Muka kawo masu ruƙiyya gida, a buɗe, don maƙwabta su ji. Muka kai shi asibitin masu taɓin hankali da rana tsaka. Ya bi mu bai yi gardama ba, saboda Inna ta roƙe shi. Likitan ya yi hira da shi, ya kira ni gefe ya ce bai ga ciwo ba, na ce ya dai rubuta mana wani abu. Makaranta ta dakatar da shi, don ba mai barin 'ya'yansa a hannun wanda yayansa ya rantse ba shi da hankali. Surukansa suka zo suka tafi da 'yarsu. Yaran da ya koya wa lissafi suka koma bin sa da waƙa. Manyan da a da suke muhawara da shi suka koma yi masa magana a hankali, da murmushi, kamar yadda ake yi wa ƙaramin yaro. In ya ce gari ya yi zafi, sai a ce, "Haka ne Mannir, sannu."

Ranar da zai tafi ya same ni a zauren nan, jakarsa a hannu.

"Yaya, da ka ce masu ni kahiri ne, da ka hwaɗi abin da ka yarda da shi. Da ka ce ka yahe ni, ba ka da ƙane, da na gane tsoro ne. Amma ka ɗauke mani hankalina ka ba su. Yanzu ko gaskiya na hwaɗa a garin nan, ba mai ji."

Na ce masa ransa na ceta. Ya ce ya sani, ya gode, ya fita.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ba ni da wata hanya. Akwai. Tun ranar da muryar ta fara yawo, da na sa shi a mota zuwa Kaduna wurin abokinsa, na fito na ce na janye daga takara, da maganar ta mutu, don ni ake nema, ba shi ba. Wannan hanyar ko a raina ba ta zo ba, saboda janyewa ba ta cikin abin da nake iya tunani a lokacin. Na so in ceci ƙanena, wannan gaskiya ne. Na kuma so kujerar, shi ma gaskiya ne. Na tambayi malamai daga baya game da rantsuwar, suka ce irin wannan ba ta da kaffara, sai tuba da gyara abin da aka ɓata. Don haka idan ka shiga matsi, wani ya kawo maka mafita mai sauƙi wadda ba za ka rasa komai a cikinta ba, ka tsaya ka duba waye zai biya. Sau da yawa wanda zai biya yana kusa da kai, kuma ba a tambaye shi ba.

Takarar kuwa ban samu ba. Mai simintin ma bai samu ba. Manya suka zauna a wani gida suka ba wani na uku, aka ce mu yi haƙuri. Ba a yi nisa ba na je ɗaurin aure na tarar da uban gidana da mai simintin a tabarma ɗaya, hannunsu a kwano ɗaya, suna dariya har da tafawa. Saurayin da ya ɗauki muryar yanzu yana riƙe wa wani babba jaka, in ya gan ni har ƙasa yake durƙusawa. A cikinsu duka, tun daga ranar da aka gama zaɓen, babu wanda ya taɓa tambaya ta ko Mannir ya koma yin sallah. Da addini ne ya dame su, da su ne za su fara tambaya. Liman yana tambaya, Malam Sada tela yana tambaya, su ne abin ya dama.

A nan zan taɓo ka, kuma ka yi haƙuri. Na san kana cikin samarin da ke yi wa wani ɗan siyasa rubutu a waya, ana saka muku data. Ban hana ka ba. Amma bara ƙanwarka ta nuna mini abin da ka rubuta game da wani yaro a wata jiha da aka ce ya yi maganar saɓo. Ka ce irinsa bai kamata a bar shi ya kwana ba. Ka ji maganar yaron daga farko har ƙarshe? Ka san waye ya fara yaɗa ta, da kuma abin da yake nema a garin nasu? Ban yi maka magana a ranar ba, don ban ga da wane baki zan yi ba. Yanzu na yi. Kishin addini abu ne mai kyau, ina alfahari da kana da shi. Sai dai masu neman kujera sun san samari suna da shi, kuma sun san ya fi komai arha. Duk lokacin da ka ga maganar wane ya kafirta ta taso zaɓe yana matsowa, ka ajiye wayar ka yi alwala, ka jira. In akwai laifi akwai hukuma, akwai malamai, akwai alƙali. Kai ba ɗaya daga cikinsu ba ne.

Ba zan wanke Baffanka tas ba, don kada ka je ka tarar da abin da ban gaya maka ba. Da ya isa kudu ya faɗa hannun wasu mutane masu irin ra'ayinsa, wasu a nan, wasu a ƙasashen waje. Sun taimake shi da wurin kwana, wannan ba a musu. Amma su ma suna da abin da suke nema. Suka riƙa sa shi gaban kyamara ya ba da labarin yadda aka yi masa, kuma kowane karo ana so ya fi na baya zafi. Zuciyarsa tana cike, ya faɗi maganganu masu ɗaci a kan Musulmi gaba ɗaya, ya kira mu da sunayen da ba zan rubuta ba. Wata mata mai son kai labari ta zo har ɗakin Inna ta kunna mata. Inna ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Wannan laifinsa ne, kuma in na gan shi zan gaya masa. Wani direban babbar mota ɗan unguwarmu da yakan gamu da shi ya ce mini daga baya sun rabu. Wai a wani zama wani ya ce duk mai sallah wawa ne, Mannir ya ce uwarsa tana sallah, ya tashi ya fita. Yanzu yana koyarwarsa shiru, ba ya tare da su, mu ma ba ya tare da mu.

Can inda za ka, za ka haɗu da mutane iri-iri, har da waɗanda ba su yarda da Allah ba kuma ba sa ɓoyewa. Wasu za su zama mutanen kirki a mu'amala, wani ma zai iya kai ka asibiti in ka kwanta. Wasu za su tsokane ka don su ga ka fusata, wataƙila wani yana ɗauka a waya. Kada ka ba su. Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ka riƙe amana a wurin aiki, abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Ni ban sauya ba. Na yi imani Baffanka yana kan ɓata, ina jin tsoron ranar da zai tsaya gaban Ubangijinsa, kuma babu sujadar da nake yi ban ambaci sunansa ba. Amma shiriya ba a hannuna take ba, na gwada da tsawa, na gwada da ƙarya, ka ga abin da na samu. Zumunci kuwa an ɗora mini shi, kuma ban ga inda aka ce an ɗauke mini shi ba.

Kuskurena na ƙarshe da Inna na yi shi. Duk shekarun nan in ta tambaya sai in ce yana samun sauƙi, in ya warke zai zo. Ina ganin ina lallashin ta ne. Watan jiya ina zaune a bakin gadonta ina ba ta kunu, na sake faɗa. Ta ture kofin.

"Kai dai ka daina. Ni na haihe shi. Lahiyarshi lau, kai ka ce ba shi da hankali, ni ban ce ba. Na yi shiru ne don kai ma ɗana ne. Ka kawo mani shi in gan shi, da sallarshi da rashin sallarshi. Sauran tsakaninshi da Mai shi."

Kada ka riƙa ɓoye wa tsofaffi gaskiya da sunan tausayi. Sun fi mu sanin abin da ke faruwa a gidansu, kunyarmu kawai suke ji. Na bar ta shekara da shekaru ba ta da wanda za ta yi maganar ɗanta da shi, saboda ni na kafa labari kuma dole kowa ya bi.

Da na fito daga ɗakinta na wuce wurin Liman. Ya tsufa sosai yanzu, ba ya gani sosai. Na tarar da Malam Sada da wasu dattawa biyu na layinmu a soronsa. Na gaishe su, na zauna, na ce na zo in warware wata magana. Na ce abin da na faɗa a kan dakali ranar Juma'ar nan ƙarya ne, ƙanena lafiyarsa lau, na rantse a kan abin da na san ba haka ba ne. Na yi zaton za su yi salati. Ba wanda ya yi.

Liman ya ce, "Mun sani. Tun ranar mun sani. Wa ya zauna da Mannir kamar ni? Mun karɓa ne don mu samu abin da za mu kori yaran nan da shi, kada a zubar da jini a ƙohwar gidan mahaihinku. Sai dai da suka tahi ya kamata mu kira shi mu ce mashi mun san lahiyarshi lau. Ba mu yi ba. Ya hi mamu sauƙi mu bar shi a haka."

Malam Sada ya ce in ya zo, shi zai fara zuwa gaishe shi.

To ga abin da nake so ka yi. Direban nan ɗan unguwarmu zai kira ka ya ba ka kwatancen makarantar. Ka je da kanka, kada ka aika. Ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda kake gaishe ni, Baffanka ne. In ya ba ka abinci ka ci. In lokacin sallah ya yi ka nemi ruwa ka yi sallarka, ba da ɓoyo ba, ba kuma da nuni ba. Kada ka yi masa wa'azi, waɗanda suka fi ka ilmi sun yi. In ya ja ka da muhawara ka ce ba ita ta kawo ka ba. Kada ka ɗauki hoto, kada ka gaya wa abokanka, ko na kusa. Ka ga hotunan 'yan takara sun fara cika bangon gari, kuma muryar nan tana nan a wayar wani. Saboda haka ba Ƙofar Kwaya zai sauka ba. Zan mayar da Inna gidan Goggonka a Kambarawa, a ce don kusa da likitanta ne, can zai same ta. Ni zan tare shi a tasha, in kuma ba ya son ganina, mijin Goggonka ya je, ni in zauna a waje har ya gama.

Wataƙila ya ƙi sauraron ka. Wataƙila ya tambaye ka a matsayin wa zai dawo. In ya tambaya, ka ce masa yayansa ya je gaban Liman da dattawan layi ya ce ƙarya ya yi, kuma sun amsa cewa sun sani. Ka ce masa ban iya faɗa a kan dakali ba tukuna, don ina jin tsoron abin da zai biyo baya, kuma ba zan ɓoye masa wannan ba. Ka ce masa ban aiko ka neman gafara ba, wannan ni zan nema da bakina in ya ba ni dama. Uwarsa ce take kira.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare maka imaninka da mutuncinka, Ya sa ka gama hidimarka lafiya ka dawo mana lafiya. Allah Ya shiryi Baffanka, Ya shirye mu baki ɗaya, Ya yafe mini. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka.

Na san sabon wuri sai an zauna an huta, an san gari. Wannan karon kada ka jira sai ka san gari. Da safen nan da na shiga gaishe da Inna, ta ɗauka Mannir ne, ta riƙe hannuna tana tambaya ko na ci abinci a hanya. Na ce mata na ci.

Wassalam.

Mahaifinka.